Ɗiyar Hussaina Za Ta Yuta

Hussaina tana tsugune gaban murhun banda tana juya tarwaɗa lokacin da autarta Zuliha ta shigo da waya a hannu, tana dariya tana share hawaye. Shekara talatin da ɗoriya ke nan Hussaina tana bandar kifi tana kaiwa kasuwar Yelwa, da shi kuma ta riƙe 'ya'ya biyar tun rasuwar mijinta. Huɗu sun yi aure sun watse, daga Kontagora har Birnin Kebbi. Zuliha kaɗai ta rage gabanta, ita ce kuma ta yi karatu mai zurfi, har ta samu wani aiki da uwar ba ta taɓa gane kansa ba: a shiga jirgi a je tsakiyar ruwan Kainji, a ɗebo ruwa a kwalabe, a rubuta wa kowace kwalba suna.

Zuliha ta ce wata jami'a a Amurka ta ɗauke ta karatun shekara biyu, kuma su za su ɗauki nauyin komai. Hussaina ta yi hamdala, ta tambayi sunan wurin. Zuliha ta ce jihar Yuta ake ce mata.

"Wace wuta kuma, Auta?"

"Yuta, Inna, ba wuta ba."

Gyaran ya zo a makare, don akwai wata mai sarin kifi tsaye a tsakar gida. Kafin la'asar, daga layin 'yan albasa har bakin ruwa inda ake sauke kaya, an san ɗiyar Hussaina za ta Wuta karatu. Mata suka yi ta shigowa. Da yawansu sai sun dubi fuskar Hussaina tukuna suke yanke ko barka suka zo yi ko jaje.

Washegari da hantsi sai ga Malam Maliki a bayan kabu-kabu, da jaka a cinya. Shi ne wan marigayi mijin Hussaina, tsohon hedimastan firamare a Shanga, kuma tun da ya yi ritaya ya mai da dangi makarantarsa. Iyakar tafiyarsa a duniya ita ce Kaduna, inda ya yi taron kwana biyar shekara talatin da suka wuce, amma har yanzu idan zai ba da misali sai ya ce, "lokacin da nake waje". Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗora tabarau, ya ce ya yi bincike a waya kuma ya gano komai.

Mutanen Yuta, in ji shi, yawancinsu wata ɗarika ce ta Kirista da ake kira Momon. Ba su shan giya, ba su shan taba, matansu suna suturta jiki, suna tara iyali masu yawa, kuma namiji yana auren mace fiye da ɗaya. A ganinsa mutane ne da suka kama hanya, sauran su kaɗan su iso. Zuliha, daga bakin ƙofa, ta ce da ladabi maganar aure fiye da ɗaya cocinsu ta bar ta sama da shekara ɗari da suka wuce. Malam ya dube ta ta saman tabarau, ya sake duba waya.

"Ashe su ma sun lalace," ya ce.

Amma babban abin yana gaba, kuma ya ajiye shi ƙarshe. Ya rage murya ya ce mutanen nan ba su shan shayi. Ba wai sun rasa ba ne, addininsu ne ya hana. Malam mutum ne da bai taɓa barin rana ta fito ta faɗi ba tare da ya sha kofi huɗu ba, ya kuma ce duk al'ummar da ke iya wayewar gari ba shayi, to akwai abin da take ɓoyewa.

Sati guda ra'ayin Malam yana juyawa. Ranar Litinin Momon 'yan uwa ne, ranar Talata kuma ya gano suna bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa da littafi a hannu, ya ce yarinya ba ta zuwa ko'ina. Ranar Laraba ya karanta cewa suna azumi sau ɗaya a wata, ya sassauta. Hussaina tana ji tana aikinta. Ita dai ba ta taɓa sayen kifi ba sai ta danna cikinsa ta shinshina, ba za ta kuma miƙa ɗiyarta ga mutanen da aka gani a waya kawai ba. Tana son wanda ya ga Momon da idonsa.

Wadda ta samo mata shi ita ce Grace, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, da ke haya a gidan da ke jikin nasu shekara goma sha tara. Duk unguwar Sista ake ce mata, kuma da wuya a sami gidan da ba ta karɓi haihuwa a cikinsa ba. Ta katanga ta gaya wa Hussaina cewa ƙanenta Philip, mai gyaran injin jirgin ruwa a Wara, ya yi zaman Fatakwal, kuma ta taɓa jin yana ba da labarinsu. Suka sa rana. Malam ya ce ba za a yi bincike babu mai rubutu ba, ya biyo su da littafi da biro biyu.

Jirgin 'yan kasuwa suka shiga, cikin buhunan albasa da wani ɗan maraƙi da ya ƙi kwanciya. Suka sami Philip a inuwar mangwaro, hannunsa duk baƙin mai, ya baje cikin wani inji a kan tabarma. Ya sa aka kawo musu ruwa, ya goge hannu, ya ce ƙwarai ya san su. Wata rana ce a Fatakwal wasu samari biyu suka ƙwanƙwasa masa ƙofa, da fararen riguna da laƙataye, kowanne ya maƙala suna a ƙirji. Gaban kowane suna an rubuta Elda, wato dattijo. Ya tambayi shekarunsu, ɗaya ya ce goma sha tara, ɗayan ashirin.

Malam ya ajiye biro. Shi sai da ya haura sittin, gemu ya yi fari fat, kafin wani ya fara ce masa dattijo, shi ma ɗan kabu-kabu ne mai neman fasinja. Ya ce wannan raini ne ga furfura, a ci gaba.

Philip ya ce wata shida suna zuwa masa kowane mako. Ya gaya musu yana da cocinsa tun na kakansa, suka ce madalla, suka dawo mako na gaba. Wata rana suka iske shi yana fama da inji shi kaɗai, suka naɗe hannun riga suka kama masa. Da zazzaɓi ya kwantar da shi su suka kawo masa abinci, suka share masa ɗaki. Hussaina ta tambaye shi, to mene ne aibinsu. Philip ya sosa kai ya ce matsalarsu ɗaya ce, ba su fushi. Ya taɓa zaginsu tas a ranar da ransa ke ɓace, suka gode masa da ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Ya ce tun daga ranar ya fara jin tsoronsu, don bai san yadda ake rabuwa da mutumin da ba ya fushi ba.

Malam ya rubuta da manyan baƙaƙe: HAƊARI NA ƊAYA, BA SU FUSHI. Ya ja layi biyu a ƙasa.

A hanyar komawa rana ta yi sanyi, ƙarar inji ta sa Malam barci, kansa jingine da buhun albasa. Hussaina ta matsa kusa da Grace ta ce, ita da ta yi boko ta kuma ga mutane, me take ganin Auta za ta tarar can.

Grace ta gyara zama. Sannan ta ce watan farko abinci za a yi ta kawo mata har ta rasa kwanon juyewa. Tambayar farko bayan suna ita ce ina take ibada, kuma idan ta faɗa, za a ce madalla da wata irin murya da za ta gane daga baya. Kada ta yi gulmar kowa da kowa, don duk garin dangin juna ne, wadda take gaya wa ƙila surukar wadda ake gulma ce. Ranar ibadarsu gari zai mutu, ta sayi abin da take so tun jajibiri. Za su so ta da gaske, idan ta kwanta ciwo su za su tsaya a kanta, amma cikin son akwai tausayi, irin tausayin da ake yi wa mutumin kirki da ya shiga motar da ba ta zuwa garinsu. Kuma duk ranar wani babban bikinsu, wadda ta fi kowa kirki a unguwar za ta kawo mata abinci, ta riƙe hannunta ta ce, mace kamar ki, saura kaɗan.

Hussaina ta jinjina kai, ta ce ashe Sista ta san Momon haka amma ta bari suka sha wahalar zuwa Wara.

"Ni ban taɓa ganin Momon ba, Innar Zuliha," in ji Grace.

Hussaina ta juya tana kallon ruwa. Wani masunci yana jan taru can nesa, ta zuba masa ido kamar ba ta taɓa ganin ana su ba. Sallah ƙarama da babba, shekara goma sha tara, ita ce ke kai wa Grace tuwo da nama da hannunta, kuma ba ta taɓa barin ƙofar ba sai ta ce, "Sista, mace kamar ki, kalma ɗaya ta rage miki." Kunya ta rufe ta. Suna wuce wani gungu, wato tsibiri, ta juyo wajen Grace.

"Amma ni gaskiya nika gaya miki."

"Ita ma mai kirkin can haka za ta ce wa Zuliha."

Hussaina ba ta yi dariya ba. Ta ciro goro ta ɓare, ta miƙa wa Grace babban ɓarin, suka yi ta tauna har jirgi ya tsaya Yelwa.

Daga ranar ta yanke cewa Auta za ta tafi. Abin da ya kusa sauya mata ra'ayi daga baya ba addini ba ne. Zuliha ta gaya mata akwai wani ƙaton tafki kusa da babban birnin jihar, Hussaina ta ji daɗi ta tambayi irin kifinsa, ko akwai giwan ruwa. Zuliha ta ce gishiri ya yi masa yawa, kifi ba ya iya zama a yawancinsa. Hussaina ta sa ta maimaita. Ta kasa gane yadda mutum zai bar ruwan da ke ciyar da Yauri da Ngaski da Shanga, ya hau jirgin sama kwana guda, don ya koyi ilimin ruwa a wurin mutanen da nasu ruwan ko kurungu babu. Ta ce wannan ne ya kamata Malam ya rubuta a matsayin haɗari na ɗaya.

Haɗa kaya ya ɗauki sati biyu. Malam ya kawo ganyen shayi cike da buhun bagko, ko da yake Zuliha ta rantse masa ana sayar da shayi a shagunan can, ba wanda ke kama mai sha. Ya ce haka za su rubuta a waya don a saki jiki. Ya kuma ba ta takarda shafi goma sha huɗu da ya rubuta da Turancinsa na hedimasta, amsoshin da za ta bayar idan aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Hussaina ta zaɓi tarwaɗa mafi bushewa ta naɗe cikin leda uku, ta haɗa da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. A filin jirgin Abuja nauyi ya yi yawa, aka ce sai an rage. Zuliha ta bar shayin ta tafi da kifin, ba ta kuma gaya wa Malam ba.

Ranar tafiya da safe, a tashar Yelwa, Hussaina ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa ɗiyar mayafi sau uku, ta ce ta riƙe salla, ta gai da maƙwabta, kada ta yi gulma. Da motar ta ɓace ta koma gida ta hura wuta, ta ce hayaƙin yau ya fi na kullum shiga ido.

Labari ya fara zuwa ta waya, yawanci bayan la'asar, lokacin da can hantsi ne. Ranar da Zuliha ta isa gidan da ta kama ɗaki, maza takwas suka zo da motar ɗaukar kaya don su taya ta shiga da akwatinta biyu. Shida suka rasa abin ɗauka, suka gyara mata ƙofar da lafiyarta ƙalau. Wata tsohuwa mai ɗakin ƙasa ta kawo mata dankali da cuku a faranti mai faɗin tire, ta tambaye ta wace coci take zuwa. Zuliha ta ce ita Musulma ce. Tsohuwar ta ce madalla. Washegari ta dawo ta ce ta yi karatu a kan Musulunci, ta cire naman alade daga duk abin da za ta riƙa kawowa, kuma tana son sanin lokutan salla don ta hana jikokinta hayaniya. 'Ya'yanta bakwai, jikoki ashirin da shida. Hussaina ta ce wagga mace ta san abin da take yi.

Lahadin farko Zuliha ta fita sayen burodi ta iske shagon unguwa a rufe, titi ba kowa. Ta koma ɗaki a tsorace, ta ɗauka wani babba ne ya mutu. Hussaina ta leƙa ta katanga ta gaya wa Grace, Grace ta ce ai ta faɗa.

Ranar da Zuliha ta yi miyar kifi da daddawa, ƙanshin ya bi duk gidan. Tsohuwar ta hawo bene ta ƙwanƙwasa, ta tambaya a hankali ko wani abu ya mutu a bayan firji. Da ta gane abinci ne kunya ta kama ta, ta roƙi a zuba mata. Ta ci cokali biyu, yaji ya sa hawaye na zuba har haɓarta, ta ce ba ta taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Hussaina ta ce ƙarya take, amma irin ƙaryar 'yan gidan mutunci, a ci gaba da gai da ta.

Sai a wata na uku muryar Zuliha ta sauya. Ta ce kowa yana mata murmushi, amma duk wani taro a coci yake farawa a coci yake ƙarewa. Ana gayyatarta da zuciya ɗaya, tana ƙi da ladabi, sai ta wuni ita kaɗai. Masallaci sai ta shiga mota, ranar Juma'a kaɗai take zuwa. Ba kiran salla, ba ƙarar kabu-kabu, ba mai zagin wani a kan layin famfo. Ta ce wani lokaci tana kunna tsohon saƙon muryar Inna don kawai ta ji hayaniyar kasuwa da ke bayansa. Ta yi kuka. Hussaina ta bari ta gama, sannan ta ce ta sauka wurin tsohuwar ta zauna, ko ba ta da abin cewa, ta taya ta fere dankalin nan nasu.

Hussaina ta kashe waya. Sannan ta ɗauki mayafi ta zaga gidan Grace. A shekara goma sha tara iyakarta bakin ƙofa. Yau ta cire takalmi ta shiga, ta zauna a kujera ƙarƙashin wata kalanda ta coci, ta sha ruwan da aka ba ta. Suka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar itace har kusan magariba. Hussaina ta shigo da niyyar ba za ta faɗi maganar nan tata ba, ta kuwa riƙe ta har ta sa takalmi ɗaya.

"Sista, mace kamar ki..."

"Kalma ɗaya ta rage, na sani," in ji Grace. "Gobe ki zo da goro."

Shi kuwa Malam abin da yake jira daban ne. Kowane mako sai ya tambaya ko an ƙwanƙwasa. Da Zuliha ta ce an ƙwanƙwasa, ta ba su haƙuri sun tafi, ya ce wannan gudu ne daga fagen fama. Ya sa ta shirya masa muhawara da su ta wayar bidiyo. Ranar Asabar bayan la'asar ya sha babbar riga, ya tara abokan hirarsa goma sha ɗaya a zauren Hussaina, aka jingina waya da tulu. Ya gaya musu yau za su ga yadda ake yi da dattawan bogi. Hussaina ta zauna daga ciki, kusa da ƙofa.

Da hoto ya fito sai ga 'yan mata biyu zaune gefen Zuliha, da dogayen riguna, suna ɗaga hannu suna murmushi. Zuliha ta ce mata ake turo wa mace mai zama ita kaɗai. Malam ya ɗan rikice, don duk shirin da ya yi na maza ne, amma ya gyara murya ya fara karanta shafukansa da Turanci. Minti arba'in yana karatu. 'Yan matan suna gyaɗa kai, ɗaya har tana rubutu. Duk inda ya tsaya don a musa masa, sai su gode masa. Gumi ya fara keto masa ta ƙarƙashin hula.

Da ya kai ƙarshe, ƙaramar cikinsu ta ce sun ji daɗi ƙwarai, ta kuma ce a wurinsu sanin kakanni babban abu ne. Ta tambaye shi sunan kakansa, da inda aka haife shi.

Shekara da shekaru Malam yana neman wanda zai zauna ya ji tarihin gidansu. 'Ya'yansa da zarar ya fara sai su tuna ana kiransu. Ya ajiye takardun a gefe. Ya fara daga kakansa Bawa Mai Taru, wanda aka haifa a wani gungu da yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Ya faɗi uban Bawa, da matansa, da wanda kada ya ci, da wanda ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Ya ba su labarin shekarar da aka tare ruwa a Kainji, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, aka kwashe su a jirgi da tukwane da awaki, uwarsa tana waiwayen tsamiyar ƙofar gidansu har ta daina ganinta. Nan muryarsa ta ɗan karye, ya ce tari ne. 'Yan matan suna rubuta kowane suna, suna roƙon ya maimaita yadda ake faɗa. Sa'a guda cur aka yi haka, har batir ya mutu a tsakiyar sunan wata gwaggonsa.

Malam ya juya ga mutanen zaure, waɗanda ba mai jin Turanci a cikinsu, ya ce sun gani da idonsu, ko hujja ɗaya ba su iya mayarwa ba, sai rubutu suke yi don su kai wa manyansu. Aka yi masa barka, aka watse salla. Hussaina ta fito ɗaukar tulu.

"Malam, na ji sunan Bawa Mai Taru ya wuce, da na Gwaggo Maimuna. Su ma cikin hujjojin suke?"

"Dabara ta, Hussaina. Ba ki san muhawara ba."

Bayan wata biyu wani ɗan Birnin Kebbi da ya dawo daga Amurka ya kawo saƙo daga Zuliha. Akwai man zafi na gwiwa kwalba biyu, ɗaya na Inna ɗaya na Sista, da hoton Zuliha da tsohuwar suna tsaye cikin wani ɗakin ƙasa cike da gwangwanayen abinci da buhunan alkama, tanadin wata da watanni. Hussaina ta daɗe tana kallon hoton, ta ce rumbun ya yi, sai dai ba ta ga kifi ko ɗaya ba. Akwai kuma wata doguwar takarda naɗe cikin kwali, ta Malam. 'Yan matan nan ne suka zana masa bishiyar zuri'arsa tun daga uban Bawa Mai Taru, kowane suna cikin akwatinsa, an buga da kyau.

Malam ya kai wa mai gilashi ya sa mata firam. Sai da ya zo ratayewa a zaurensa ya lura da wani abu. Shekara ashirin suna jayayya da ɗan baffansa Usman na Ngaski a kan wane gida ne babba a zuri'ar, wanda ya kamata ya riƙa ba da auren 'ya'yan dangi. A takardar, bisa lissafin da Malam ya bayar da bakinsa, uban Usman ne ya riga uban Malam zuwa duniya, da shekara uku. Ya koma wurin mai gilashi ya ce firam ɗin ya yi faɗi, a rage shi. Aka naɗe gefen hagu na takardar ta baya, inda reshen gidan su Usman yake.

Hussaina ta gani ranar da ta kai wa iyalinsa kifi. Ta tsaya gaban firam ɗin, ta ce aikin ya yi kyau, sai dai kamar bishiyar ta karkata gefe guda. Malam ya ce haka Turawa ke zana ta. Ta ce to madalla, ta ajiye kifin. A hanyar gida ta tsaya shagon mai cajin waya, ta sa ya nemo mata lambar matar Usman.